Ɓatan Malam Abdulfattah a Fadamar Tudun Ƙirya

Rana ba ta gama ɗagowa ba labari ya karaɗe ƙauyen Tudun Ƙirya: an tsinci babur ɗin Malam Abdulfattah Ma'u a yashe a bakin ruwa, hularsa a gefe cikin laka, ga jini a jikin wani kututture. Shi kuwa babu shi babu alamarsa.

Baba Ari yana ƙofar gidansa a Haɗeja yana shan kunu sai ga mota ta tsaya da ƙarfi. Hajiya Sa'adiya, matar Malam Abdulfattah, ta fito mayafinta a karkace.

"Baba, Malam bai kwana a gida ba. Yanzu aka bugo mini waya daga Tudun Ƙirya, wai an ga babur ɗinsa da jini. Ga shi da ciwon suga, maganinsa yana nan a jakata. Don Allah ka taso!"

Ari bai ƙarasa kunun ba. Ya ɗauki sandarsa ya shige mota.

Babu wanda bai san Baba Ari mai bin sawu ba, daga Kafin Hausa har Birniwa. Kakanninsa daga bakin Tafkin Chadi suka zo, kuma a wurinsu ya gaji karanta ƙasa. Idan aka kore wa mutum shanu, shi ake kira. Amma wannan karon ba aiki ne kawai ba. Shekarun baya ya taɓa bin sawun shanun sata har ƙofar gidan wani mai ƙarfi, maimakon a kama ɓarawo sai shi aka kulle. Malam Abdulfattah ne ya riƙa rubuta labarin a jarida mako bayan mako, yana maimaita shi a rediyo, har kunya ta sa aka sake shi.

Haka mutumin yake. Ya fara aikin jarida a Kano tun yana saurayi, ya sha ɗauri a zamanin soja saboda wani sharhi da ya yi, ya bi 'yan siyasa yawon kamfe lungu-lungu. Da ya manyanta sai ya dawo gida, ya buɗe shafinsa a wata jarida ta Kano mai suna Daga Bakin Kogi. Wannan makon zai rubuta kan waƙoƙin mata masu shanyar kifi, mako mai zuwa ya dira kan wanda ya yi alkawarin gada bai gina ba. Masu son sa da yawa. Masu jin haushinsa ma ba kaɗan ba ne.

* * *

Da suka isa bakin ruwa, sai suka tarar da rabin ƙauyen a wurin. Ari ya daka tsawa tun daga nesa.

"Kowa ya tsaya inda yake! Kada ƙafar kowa ta ƙara motsawa!"

Bulama Tukur, mai garin, ya taro shi da sauri. "Gara da ka zo, Baba Ari. Na aika a kira 'yan sanda, amma ruwa ya cinye hanyar mota ta gabas, sai sun zagayo. Ga samarin nan sun ce rugar Arɗo Buba za su. Dubi sawun shanu ko'ina."

"Su ne!" in ji wani saurayi riƙe da gora. "Ga kofaton shanunsu nan har kan jinin!"

Ari ya durƙusa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana tafiya a tsugune kamar mai tsintar gyaɗa. Sannan ya miƙe, idanunsa na ƙyalli.

"Shanu sun bi ta nan, gaskiya ne, amma da safiyar yau, bayan raɓa ta sauka. Jinin nan ya riga ya bushe kafin su taka shi. Ku zo ku ga wani abu." Ya nuna layin tayar babur da sandarsa. "Malam ba shi da jiki. Amma dubi yadda tayar baya ta nutse a laka. Mutum biyu babur ɗin nan ya ɗauko. Ga inda suka sauka: silifas ɗin Malam, ga kuma takalmi sau-ciki. Sun tsaya fuska da fuska, sun daɗe. Daga nan silifas suka ja baya da ƙarfi, har kututturen can."

Hajiya Sa'adiya ta dafe ƙirji. "Ke nan wanda ya sani ne?"

"Wanda ya yarda da shi har ya goya shi a baya. Hajiya, jinin ba shi da yawa. Ki sa rai."

Bulama ya dubi samarin, ya dubi Ari. "Zan riƙe su zuwa la'asar. Bayan nan ban yi maka alkawari ba."

* * *

Arɗo Buba ya tarbe shi a bakin ruga, matansa sun riga sun fara ɗaure kaya.

"Ari, ka san ni. Mutumin da ya rubuta cewa an noma burtalinmu, lokacin da kowa ya yi shiru, shi zan taɓa?"

"Ban ce kai ne ba, Arɗo. Me ka gani jiya?"

"Bayan la'asar na hango babur ya nufi bakin ruwa, mutum biyu a kai. Na bayan yana sanye da fararen kaya. Nesa ce, ban ga fuska ba." Ya nuna wajen mashaya da sandarsa. "Amma da asuba da muka kai shanu shan ruwa, na ji Sarkin Ruwa Baƙo yana ta faɗa a mashaya, wai an taɓa masa kwalekwale."

Ari ya san sawu ya fara magana. Ya yi sallama ya juya da sauri har yana tuntuɓe.

* * *

Sarkin Ruwa Baƙo ƙato ne mai babbar murya. Ari ya same shi yana ɗinkin komar kamun kifi a gindin tsamiya. Kowa a yankin ya san abin da ke tsakaninsa da ɗan jaridar. Bara Malam Abdulfattah ya rubuta cewa bikin kamun kifi na Tudun Ƙirya ya tashi daga na masunta ya koma na masu tutar siyasa, har an hana tsofaffi waƙar buɗe ruwa don wani ɗan takara ya yi jawabi. Ranar kasuwa, a gaban jama'a, Baƙo ya rantse sai ya jefa shi a kogi.

"Na faɗa, ban musa ba!" in ji Baƙo. "Ya kunyata ni a duniya. Har jikokina a Legas sun karanta. Amma ka san abin da ya fi ba ni haushi? Gaskiya ya faɗa. Bana da bakina na ce a mayar da waƙar."

"Ina kwalekwalen da aka taɓa?"

Baƙo ya kai shi mashaya. Ƙaramin kwalekwale ne, an ɗaure shi a turke. A cikinsa, wajen kai, akwai busasshen jini.

"Ka ga wannan?" in ji Ari.

Fuskar Baƙo ta canza. "Wallahi ban lura ba. Ni ƙullin igiyar ne ya ba ni haushi. Dubi, kamar an ɗaure akuya. Na kwance na sake, sannan na mayar da shi yadda na same shi don in nuna wa yarana."

"Jirginka ne, Sarki. Kuma kai ka yi rantsuwar."

"To ka kama ni mana!"

"Ka zo ƙofar Bulama da la'asar," in ji Ari. Zuciyarsa ta rabu biyu. Masunci ba ya yin irin wannan ƙulli, amma masunci mai wayo zai iya yin sa da gangan.

* * *

Saura mutum ɗaya da duk garin ke raɗa da sunansa: Honorabul Munzali, kansila, mai babbar gonar shinkafa a gefen fadama. Shi ya karɓi aikin share hanyar ruwan da ciyawar kacala ta toshe, hanyar da ke kai ruwa ƙauyukan da ke ƙasa da fadamar. Kwanan baya aka baza hotuna a waya, ga hanya fes, ruwa na gudu. Malam Abdulfattah ya rubuta a shafinsa cewa hoto ya gani, amma manoman ƙasa sun ce har yanzu gonakinsu a bushe suke, na sama kuma ambaliya ta cinye. Ya ce zai je ya gani da idonsa.

Ari ya sami Munzali a rumfar gonarsa, waya biyu a hannu, gumi na keto masa.

"Baba Ari, an gama da ni! Tun safe ake zagina a waya, wai na sa an kashe ɗan jarida. Ni jiya a Dutse na wuni wurin taro, sai bayan isha na dawo. Mutum ɗari sun gan ni."

"Wanda ke Dutse yana iya aike, ranka ya daɗe."

"In aiki wa? Tambayi Shu'ibu, shi ke kula mini da harkar labarai."

Wani saurayi mai tsabta ya matso, shuɗiyar shadda a jikinsa, idanunsa jawur. Ya durƙusa ya gaida Ari.

"Baba, Malam ubana ne a wannan aiki. Shi ya ɗauke ni ina yawo da takardun neman aiki, ya koya mini rubuta labari. Ko da na koma wurin Honorabul bai daina kirana ɗana ba. Tun da na ji labarin nan ban iya cin komai ba."

"Ina kake jiya da yamma?"

"Ina gida a Haɗeja, ina shirya sanarwa."

Ari ya saci kallon ƙafafunsu. Munzali sau-ciki, Shu'ibu sau-ciki, direban da ke jingine da mota shi ma sau-ciki. Ya yi tsaki a ransa. Takalmi ba zai raba masa gardama ba.

* * *

Rana ta take tsaka. Ari ya koma mashaya shi kaɗai, yana tunanin mutum mai ciwon suga da ya kwana bai ci ba. Fadamar nan ba ta da iyaka, tsibirai a cikinta sun fi a ƙirga, kacala ta fi mutum tsayi. Idan aka ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, gawa za a samo. Dole wanda ya kai shi ya faɗi inda ya kai shi.

Ya bar wurin turke inda ƙafafu suka tattake, ya bi gefen ruwa a hankali. Can bayan wani kurmin ciyawa ya tsaya cak.

Wani ya zauna a nan. Ga shacin mazauninsa a laka, ga sawun ƙafa babu takalmi. Ari ya kwanta rub-da-ciki yana dubawa. Tafin ƙafar sumul yake, babu faso ko ɗaya, yatsun a matse. Ƙafar da ta saba zama cikin takalmi ce. A kewayen wurin kuma ga ɗigon jini a kan ganye, ga wasu baƙaƙen abubuwa a warwatse sun fara bushewa. Ya ɗauki ɗaya a tafin hannunsa.

Matsattsaku ce, tsutsar ruwan nan mai shan jini. An fizge ta da ƙarfi har ta tsinke biyu. Ga wata, ga wata, sun fi goma.

Ari ya yi dariya da ƙarfi shi kaɗai, har tsuntsaye suka tashi. Duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san ba a fizgar matsattsaku. Toka ake barbaɗa mata ko garin taba, ta saki da kanta. Wanda ya fizge ta, bakin ciwon zai wuni yana tsiyaya, ga ƙaiƙayi kamar hauka. Ya ƙulle su a gefen rawaninsa, ya nufi gari yana haɗawa da gudu, tsufa ya manta da shi.

* * *

Kafin la'asar ƙofar gidan Bulama ta cika maƙil. 'Yan sanda biyu sun iso. Arɗo Buba yana gefe guda, samari na harararsa. Sarkin Ruwa ya harɗe hannuwa. Munzali ya zo da Shu'ibu da direbansa. Hajiya Sa'adiya tana zaure tare da matan gidan, tana leƙowa.

Ari ya tsaya a tsakiya.

"Jama'a, ga abin da ƙasa ta gaya mini. Malam ya goyo wani a babur. Sun yi gardama, aka ture shi, kansa ya bugi kututture. Wanda ya ture shi ya ɗauke shi ya sa a kwalekwalen Sarkin Ruwa, ya shiga da shi fadama, ya dawo shi kaɗai. Ba Arɗo ba ne. Shanunsa sun zo bayan an gama komai."

"To ai jirgin Baƙo ne!" wani ya yi ihu.

"Jirginsa ne. Amma wanda ya tuƙa shi ya shiga ruwa da ƙafarsa, kuma ga abin da ya tarar." Ya kwance gefen rawani ya zube matsattsakun a kan tabarma. Mutane suka yi ca, kowa na miƙa wuya. "Fizge su ya yi. Yanzu haka ƙafarsa tana zubar da jini. Ga lokacin salla ya yi, dama alwala za mu yi. Bulama, a kawo butoci. Kowa ya cire takalmi ya naɗe wando a gaban jama'a."

Baƙo ne ya fara. Ya yaye wandonsa har gwiwa, ya buga ƙafarsa a ƙasa. "Ga ta nan! Tsofaffin tabo ne, babu sabo!" Arɗo ya nuna tasa. Munzali ya cire takalmi, ƙafarsa lafiya lau. Direba ma haka.

Shu'ibu ya ɗauki buta ya koma gefe. Ya wanke hannu, ya wanke fuska, ya cire takalmi, sannan ya jiƙa hannu ya shafa a kan baƙar safarsa.

"Ɗana," in ji Ari a hankali, "cire safar."

"Baba, da alwala na sa ta. Ya halatta in shafa."

"Ban zo gardamar fiƙihu ba. Dubi tafin hannunka."

Shu'ibu ya duba. Hannun da ya shafa safar ya yi ja. Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya matso ya janye safar, sai ga ƙwauri duk ƙananan raunuka, an nannaɗe da tsumma, jini ya rine shi.

Ihu ya tashi. Samari suka yunƙuro, Baƙo ya tare su da faɗin ƙirjinsa. Ari ya durƙusa gaban saurayin ya riƙe kafaɗarsa.

"Bar kuka yanzu. Yana da rai?"

"Yana numfashi lokacin da na bar shi," in ji Shu'ibu. "Wallahi ban yi niyya ba! Hotunan da na baza na wata hanyar ruwa ce daban. Na bi shi ne in roƙe shi kada ya je ya gani. Ya ce sai ya je. Na riƙe rigarsa, ya fizge, na ture shi. Da na ga ya suma sai na sa shi a jirgi, in yanke ta hanyar ruwan zuwa asibitin tsallake. Sai kacala ta riƙe jirgin. Na shiga ruwa na tura, na tura, ya ƙi wucewa. Duhu ya fara, tsoro ya kama ni. Na kwantar da shi a wata bukkar masunta, na gudo. Na ce da safe zan faɗa, da safe kuma na kasa."

"Wace bukka?"

"Akwai busasshiyar giginya a gabanta."

"Tsibirin Gwauro!" Baƙo ya daka tsawa. "Yara, ku kwance jirage!"

* * *

Jirage suka faɗa ruwa kamar ranar biki. Baƙo da kansa ya riƙe gorar tuƙi a na gaba, Ari a bakin jirgin, Hajiya Sa'adiya a tsakiya rungume da jakar magani da goran kunu, don ta rantse ba za a bar ta a baya ba. Bulama ya sa Munzali ya shiga na biyu, tare da 'yan sanda da Shu'ibu.

Ba su yi nisa ba hanyar ta ƙare. Kacala ce tsaye kamar katanga, ko kara ɗaya ba a yanke ba. Masunta suka diro da adduna suna sara suna kabbara. Duk wanda ya ɗaga adda sai ya waiwaya ya dubi Munzali.

"Ga giginyar can!" Ari ya yi ihu. "Malam! Malam Abdulfattah!"

Sai can wata siririyar murya ta fito daga bukka.

"Ku yi a hankali, kada ku farfasa wa mutane tarkon kifi."

Hajiya Sa'adiya ta fashe da kuka da dariya lokaci guda. Suka same shi a jingine da bangon kara, leɓɓansa sun bushe, kansa ɗaure da farar riga da jini ya ɓata. Ya sami ragowar busasshen kifi a rataye a bukkar, shi ya riƙe shi. Ta ba shi kunu yana kurɓa a hankali. Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya dubi Ari ya yi murmushi.

"Na san kai za a kira. Abin da na yi ta roƙo ke nan, kada a yi ruwan sama ya wanke maka ƙasa."

Aka ɗauko shi zuwa jirgi, Ari yana ba shi labarin abin da ya faru a gari. Da ya hango Shu'ibu tsakanin 'yan sanda, ya ce a tsaya. Saurayin ya kasa ɗaga kai.

"Malam, ka yafe mini."

"Tsakanina da kai na yafe, ɗana. Amma zan rubuta, kuma da sunanka a ciki. Zan rubuta ka yi wa mutanen ƙauyukan ƙasa ƙarya da hoto, gonakinsu na ƙonewa. Zan rubuta ka ture ni, ka gudu ka bar ni, har aka kusa ƙona rugar bayin Allah. Zan kuma rubuta ka cire rigarka ka ɗaure mini kai kafin ka tafi. Duka ukun sun faru, ba zan rage ko ɗaya ba."

Shu'ibu ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

"Malam, asibiti tukuna," in ji Hajiya Sa'adiya.

"Asibiti za mu, Hajiya, ai jirgin na tafiya. Ba ni wayarki. Gobe shafina zai fita, edita yana can yana jira."

Ta dubi Ari tana neman ya sa baki. Ari ya ɗaga kafaɗa, ya karɓi gora ya taya Baƙo tuƙi. A bayansa ya ji an ɗauki waya a can Kano, ya ji ihun murna daga ɗaya ɓangaren, sannan muryar Malam Abdulfattah, a raunane amma kalma bayan kalma:

"Bar murnar haka, ɗauki biro. Rubuta: Na yi wa masu karatu alkawarin zan je in ga hanyar ruwan Tudun Ƙirya da idona. To na je, har na kwana a cikinta."